Dick Tiger (1929–1971): Gwarzon Dambe Tsakanin Naushi Da Alƙalami

Gabatarwa

A fagen dambenmu na gargajiya ba a cika jayayya a kan wanda ya yi nasara ba. Idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko da gwiwa ce ko hannu ya taɓa turɓaya, to ya yi kisa. Kowa ya gani, makaɗa su ɗauki kirari, magana ta ƙare. Idan kuwa aka yi turmi uku babu kisa, sai a raba su, kowa ya koma ɓangarensa. Damben zamani, wanda ake yi da safar hannu a cikin da'irar igiya, ba haka yake ba. Idan lokaci ya cika mutum biyu suna tsaye, sai a koma ga takardun alƙalai, kuma abin da alƙalami ya rubuta shi ne hukunci. Daga nan ne gardama take tasowa, wani lokaci ta fi damben kansa daɗewa.

A wannan fitowa mun zaɓi mu kawo wa masu karatu tarihin wani ɗan ƙasarmu wanda ya ɗanɗani zaƙi da ɗacin wannan alƙalami fiye da yawancin 'yan damben zamaninsa. Shi ne Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger. Ya riƙe kambun duniya a aji biyu, kuma yau fiye da shekara hamsin da rasuwarsa, amma masana dambe ba su daina muhawara a kan wasu daga cikin wasanninsa ba.

Asalinsa Da Tasowarsa

An haifi Richard Ihetu ranar 14 ga Agusta, 1929, a garin Amaigbo da ke ƙasar Ibo, cikin Jihar Imo ta yau. Iyayensa manoma ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, don haka ya koma garin Aba neman abin kai wa bakin salati, inda ya yi ta ƙananan sana'o'i a kasuwa, har da sayar da kwalaben da aka gama amfani da su. A Aba ya fara koyon dambe, kuma a 1952 ya shiga sana'ar gadan-gadan. Ana cewa laƙabinsa na Tiger, wato damisa, ya samo asali ne daga yadda yake daka tsalle ya auka wa abokin karawa.

A 1955 ya tafi birnin Liverpool na ƙasar Ingila, inda ɗan ƙasarmu Hogan Bassey ya riga shi sauka. Baƙunta ba ta zo masa da sauƙi ba. Ga sanyi, ga abincin da bai saba da shi ba, ga aikin ƙarfi a masana'antar fenti da rana, sannan atisaye da yamma. Wasanninsa huɗu na farko a Ingila duk an ci shi, kuma duk da maki aka ci shi. Da wani ne da ya tattara komatsansa ya komo gida. Shi kuwa sai ya tsaya ya karanci abin da alƙalan Turawa suke nema, ya rage tsalle, ya koyi tsare kai da auna naushi.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa. A watan Mayu na 1957 ya doke Terry Downes, matashin da Ingila ke alfahari da shi, wanda daga baya shi ma ya zama zakaran duniya. A shekarar ce kuma Hogan Bassey ya ci kambun duniya a birnin Paris, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya yi haka. A watan Maris na 1958 Tiger ya buge Pat McAteer a turmi na 9, ya karɓi kambun Daular Birtaniya na ajin matsakaita nauyi, wato ajin da ba a wuce kilo 72.6. Daga nan ya ƙetara Amurka a 1959, ya zauna a birnin New York.

Yadda Ake Ba Da Maki

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana yadda ake yanke hukunci, domin a nan ne bakin zaren yake. Alƙali yana duba abu huɗu a kowane turmi. Na farko, naushin da ya sauka sarai a inda doka ta yarda. Na biyu, kai farmaki mai amfani, ba bin mutum kawai ba tare da an same shi ba. Na uku, wane ne ke juya akalar wasan, ya tilasta wa ɗan'uwansa yin irin damben da ba ya so. Na huɗu, iya kare kai. Doka ba ta faɗi dalla-dalla nauyin da kowanne zai ɗauka ba. Saboda haka alƙali mai sha'awar jarumta zai fifita mai kutsawa, mai sha'awar dabara kuwa ya fifita mai kaucewa yana saka naushi. Dukansu biyu suna iya zama masu gaskiya, kuma su saɓa.

A zamanin Tiger wasan kambun duniya turmi 15 ne, kowane turmi minti 3. A Jihar New York mutum uku ne ke rubutawa, alƙalin da ke cikin da'ira da wasu biyu a gefe. Turmi ake ƙirgawa: wanda ya ci turmi a rubuta masa ɗaya, ko da ƙyar ya ci ko da rinjaye mai yawa. Sai idan adadin ya zo daidai a takardar alƙali ne ake komawa ga ƙarin maki da aka tanada don raba gardama. A yau an sauya tsari. Wasan kambu ya koma turmi 12, wanda ya ci turmi yana samun maki 10, ɗayan ya sami 9 ko ƙasa da haka, kuma a manyan wasanni alƙalin cikin da'ira ba ya rubuta maki.

Hawansa Kan Karaga

Amurka ma da irin tarbar Ingila ta tarbe shi. Wasansa na farko da Rory Calhoun a 1959 an tashi canjaras, na biyu aka bai wa Calhoun, kuma 'yan kallo da yawa ba su gamsu ba. A 1960 Wilf Greaves ya karɓe masa kambun Daular Birtaniya a ƙasar Kanada bisa hukuncin da alƙalai suka rarrabu a kansa. Bayan wata biyar Tiger ya koma garin da aka ci shi, ya tsayar da Greaves a turmi na 9. Wannan ita ce ɗabi'ar da za mu yi ta gani a rayuwarsa: idan takarda ta ƙi shi, yakan yi ƙorafi kamar kowa, amma amsarsa ta gaskiya a cikin da'ira yake bayar da ita.

Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a birnin San Francisco, ya doke Gene Fullmer da maki ba tare da wata tababa ba, ya zama zakaran duniya na ajin matsakaita nauyi. Da suka sake haɗuwa a Las Vegas ranar 23 ga Fabrairu, 1963, Fullmer ya sauya salo, ya riƙa ja da baya yana zagaye. Alƙali ɗaya ya bai wa Tiger, ɗaya ya bai wa Fullmer, na uku ya ce kunnen doki. A dokar dambe, idan aka tashi canjaras kambu yana zama wurin mai shi. Mutum uku suka kalli abu ɗaya, suka rubuta abu uku, kuma Tiger ne ya ci ribar saɓanin. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Karawa ta uku a gida aka yi ta, ranar 10 ga Agusta, 1963, a Filin Wasa na Liberty da ke Ibadan, wanda yanzu ake kira da sunan Obafemi Awolowo. Gwamnatin tarayya da ta jihohi sun tallafa da kuɗi, kuma shi ne wasan kambun duniya na farko da aka yi a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa. A wannan dare Tiger bai bar wa alƙalai aiki ba. Bayan turmi na 7 mutanen Fullmer suka ce ya isa, kuma daga ranar Fullmer bai sake dambe ba. A shekarar ce Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ranar 7 ga Disamba, 1963, a Atlantic City, Joey Giardello ya karɓe kambun da salon kauce-ka-saka, kuma alƙalin cikin da'ira shi kaɗai ya rubuta maki. Tiger ya yi ƙorafin cewa da gudu aka raba shi da kambunsa. Giardello ya yi alkawarin sake karawa ba da jimawa ba, amma sai da aka kusa shekara biyu. Tiger ya jira, yana ta dambe. A cikin jiran Joey Archer ya ci shi da hukuncin da aka rarrabu a kansa a 1964, shi kuma ya yi wa Rubin Carter dukan kawo wuƙa a 1965. Ranar 21 ga Oktoba, 1965, ya karɓo kambunsa daga hannun Giardello, alƙalai uku duk suka yarda. Yana da shekara 36 a lokacin.

Daren Griffith

Wasan da aka fi gardama a kansa shi ne na ranar 25 ga Afrilu, 1966, a dandalin Madison Square Garden da ke New York. Abokin karawarsa Emile Griffith ne, mutumin tsibiran Virgin, zakaran ajin da ke ƙasa da na Tiger. Griffith yana da shekara 28, nauyinsa kimanin kilo 68, wato Tiger ya fi shi da fiye da kilo 4, amma shi kuma ya fi Tiger sauri da ƙuruciya.

A turmi bakwai na farko Griffith ya ƙi tsayawa. Yana zagaye, yana jefa hagu, Tiger na biye da shi. A turmi na 8 sai ya tsaya ya yi musayar naushi, kuma ya girgiza zakara. A na 9 ya same shi da wani naushi da ya kai shi ƙasa. Wannan ne karo na farko da Tiger ya taɓa faɗuwa tun da ya fara sana'ar. Nan take ya miƙe. Maimakon Griffith ya ƙarasa aikin, sai ya koma zagayensa, Tiger ya ci gaba da kutsawa har ƙararrawar ƙarshe.

Alƙalin cikin da'ira, Arthur Mercante, ya bai wa Griffith turmi 9, Tiger 5, ɗaya canjaras. Alƙali na biyu ya rubuta 7 da 6, biyu canjaras. Na uku ya rubuta 7 da 7, ɗaya canjaras, sai ƙarin maki ya karkata ga Griffith. A takarda dai baki ya zo ɗaya. Amma da aka tambayi 'yan jarida 22 da ke zaune a bakin igiya, 17 daga cikinsu suka ce Tiger ne ya ci.

Masu goyon bayan Tiger suna da hujja uku. Shi ne ya yi ta neman dambe daga farko har ƙarshe. A tsarin ƙirga turmi, faɗuwar da ya yi turmi ɗaya kawai ta ci masa, ba biyu ba. Sannan akwai tsohuwar al'adar 'yan dambe cewa mai neman kambu ƙwace shi yake yi a fili, ba a miƙa masa don ya tsira da lafiyarsa. Masu goyon bayan Griffith su ma ba su rasa abin faɗa ba. Bin mutum ba dukansa ba ne, kuma yawancin naushin Tiger iska ya daka ko kafaɗa. Griffith ne ya zaɓi inda za a tsaya da lokacin da za a yi musaya. Shi ne kaɗai ya jijjiga ɗan'uwansa, shi ne kaɗai ya kayar. Batun ƙwace kambu kuwa al'ada ce, babu ita a littafin doka.

A namu ganin, takardar da ta zo 7 da 7 ita ta fi kusa da abin da ya faru, kuma tazarar turmi huɗu da Mercante ya rubuta tana da wuyar karewa. Amma mu lura da wani abu. Da a fagen dambenmu na gargajiya ne, da tun a turmi na 9 an gama, Griffith ya yi kisa. Dokar maki da muke zargi ita ce ta bai wa Tiger damar miƙewa ya ci gaba, ita ce kuma ta ba mu abin yin gardama.

Ranar Da Alƙalami Ya Juyo

Ba a ba shi damar ramawa ba. Mutane da yawa suka ɗauka ƙarshensa ya zo. Sai ya haura aji na gaba, wanda iyakarsa kilo 79.4, ya ƙalubalanci zakaran ajin, José Torres na tsibirin Puerto Rico. Torres ya fi shi tsawo da nauyi, kuma Tiger ya girme shi da shekara bakwai. Ranar 16 ga Disamba, 1966, Tiger ya doke shi da yardar alƙalai uku, ya zama zakaran duniya a aji na biyu yana da shekara 37.

Suka sake haɗuwa ranar 16 ga Mayu, 1967, a dandalin da Griffith ya ci shi. Tiger ya tara turmi da yawa a farko, yana dukan ciki da haƙarƙari. Can wajen ƙarshe ƙarfinsa ya fara raguwa, Torres ya taso masa, har ya gigita shi a turmi na 12. Alƙalai biyu suka bai wa Tiger da ƙaramar tazara, ɗaya ya bai wa Torres. Da aka sanar, magoya bayan Torres suka fusata, aka yi ta jifa da kwalabe da kujeru, mutane suka jikkata, sai da 'yan sanda suka shiga.

A nan ne ya kamata mu yi wa kanmu adalci. Abin da mutanen Torres suka ji a daren nan shi ne abin da masoya Tiger suka ji wata goma sha uku kafin haka. Hujjarsu ita ce hujjar Griffith: namu ne ya fi yin ɓarna, namu ne ya fi ƙarfi a lokacin da ya fi muhimmanci. Hujjar da ta ceci Tiger kuwa ita ce wadda aka ƙi karɓa a 1966: turmi ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, na farko da na ƙarshe darajarsu ɗaya. Duk wanda ya ce an zalunci Tiger a gaban Griffith, dole ya yarda a saurari kukan Torres, ya kuma tuna da canjaras ɗin Las Vegas da ya bar masa kambu. Laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani.

Ba a Amurka kaɗai ake wannan ba. A 1964 a birnin Accra, alƙalai sun bai wa Sugar Ramos nasara a kan ɗan gida Floyd Robertson. Hukumar damben Gana ta soke hukuncin ta ce nasu ne ya ci, amma hukumomin duniya ba su amince ba, kambu ya zauna wurin Ramos.

Yaƙi Da Ƙarshen Rayuwa

Mako biyu bayan wasan Torres, ranar 30 ga Mayu, 1967, aka ayyana ɓallewar Biyafara, kuma a watan Yuli yaƙin basasa ya ɓarke. Masu karatu sun san abin da ya gabace shi: juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci rayukan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni, juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen mutanen Gabas a garuruwan Arewa. Tiger ya bi ɓangaren mutanensa. An ba shi muƙamin laftana a rundunar Biyafara, inda ya riƙa horar da sababbin sojoji motsa jiki, ya kuma zuba dukiyarsa wajen agaji. A 1969 ya mayar wa Birtaniya lambar MBE saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Mutumin da ƙasa duka ta yi wa tafi a Ibadan ya wayi gari wasu na kallonsa gwarzo, wasu na kallonsa ɗan tawaye. Dukiyar da ya tara a gida mafi yawanta ta salwanta.

Cikin wannan hali ya ci gaba da dambe. Ranar 24 ga Mayu, 1968, Bob Foster, dogon mutum mai mugun naushi, ya kwantar da shi a turmi na 4 ya karɓe kambun. Shi ne karo ɗaya tak da aka ƙirga masa goma. Bayan wata biyar ya doke Frankie DePaula a wasan da kowannensu ya faɗi sau biyu, wanda mujallar The Ring ta zaɓa wasan shekara. A 1969 ya doke Nino Benvenuti na Italiya, wanda ke riƙe da kambun matsakaita nauyi a lokacin, sai dai ba a sa kambun a wasan ba. Wasansa na ƙarshe da Griffith ya yi shi, ranar 15 ga Yuli, 1970. Damar da ya nema shekara huɗu ta zo bayan ƙarfi ya tafi, kuma Griffith ya ci ba tare da gardama ba.

Daga nan ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. A 1971 likitoci suka gano yana da ciwon dajin hanta. Yaƙi ya riga ya ƙare tun Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma ta shelanta manufar sulhu, cewa babu wanda ya ci kuma babu wanda aka ci. Aka bar shi ya komo gida. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42, aka binne shi a Amaigbo.

Kammalawa

Dick Tiger ya yi wasa 82. Ya ci 60, an ci shi 19, uku canjaras. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara a 1962 da 1965, kuma a 1991 aka sanya sunansa a zauren tunawa da manyan 'yan damben duniya da ke Canastota a Jihar New York. Wanda ya kalli adadin faɗuwarsa kawai zai ɗauka ɗan dambe ne na tsaka-tsaki. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai tarar kusan dukansu da maki ne, da yawa kuma a ƙasar baƙi, gaban 'yan kallon da ba nasa ba.

Abin da muke so matasanmu su ɗauka daga wannan tarihi ba wai alƙalai ba sa kuskure ba ne. Suna yi, kuma mun nuna inda muke ganin an yi. Amma duk inda aka ɗora wa mutum auna aikin wani, ko a fagen wasa ne, ko a gasar makaranta, ko a zaman sulhu, za a sami ranar da ma'auni zai karkata gare ka da ranar da zai karkata ga waninka. Ma'aunin da ka yarda da shi ranar nasara, da shi za a auna ka ranar faɗuwa. Tiger ya yi ƙorafi, amma bai taɓa barin fage don fushi ba. Da Greaves ya ci shi, ya koma. Da Giardello ya ci shi, ya jira shekara biyu. Da aka hana shi Griffith, ya nemi wanda ya fi Griffith girma. Wannan shi ne abin da takardar alƙali ba ta da gurbin rubutawa, kuma shi ya sa har yau ake tunawa da shi.